Katakon da Ya Kai Mama Selina Gida

Duk wanda ya zauna a Kafanchan a shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa ya san Kumai kafinta, mai rumfa a bayan tashar jirgin ƙasa. Mutum ne mai hannu, mai baki kuma. A wurinsa, in ba maɗaci ba ne, to ba katako ba ne.

A lokacin injuna na ta zuwa daga waje cikin manyan akwatuna na wani farin katako mai laushi, mai ƙamshin ƙaro. An ce a ƙasashen ƙanƙara ake sare itatuwan, a loda gumaguman a jirgin ruwa, wata ƙasa ta saya ta yanka. Meshak, ɗan dako a tasha, shi ke tsince falankan in an fasa akwatunan. Ranar da ya kawo wa Kumai, sai da Kumai ya sha dariya.

"Wannan ai biskit ne! Gara za ta ci, har ta yi addu'ar godiya."

Meshak ya kwashe kayansa ya jibge a bayan ɗakinsa.

To, Mama Selina, mahaifiyar Kumai, abu ɗaya ta roƙe shi: in ta mutu a binne ta a kan Dutsen Kagoro, kusa da mijinta, a tsohon gidan da suka baro. Ya yi alkawari, har ya ƙera mata akwatin maɗaci tun tana da rai, ya goge shi yana sheƙi.

Ta rasu a tsakiyar damina. Samarin dangi duk sun tafi masaƙa a Kaduna, sai dattawa. Suka ɗaga akwatin ba kowa a ciki, suka ajiye suna haki. Ga hanyar dutse santsi kamar kuɓewa. Babban kawunsa ya ce babu yadda za a yi, a haƙa kabari a gindin dutse. Kumai ya zauna ya yi tagumi, baƙin ciki ya hana shi ko kuka.

Sai ga Meshak da amalanke.

"Oga, ga biskit ya zo."

Kumai ya ɗaga falanki guda, ya ji shi sakayau. Ya ce a hankali, "Gara fa?"

"Mama ya ce ka kai shi gida ne. Bai ce ka hana gara aikinsa ba."

Kafin rana ta take, akwati ya haɗu. Tsofaffin nan suka saɓa shi a kafaɗa, matan zumuntar majami'a na biye da waƙa, aka hau ana zamewa ana tashi, har gindin itacen da mijinta ke kwance. A nan ne kuka ya zo wa Kumai, kuma rabinsa na godiya ne.

Akwatin maɗacin kuwa, ya warware shi ya yi wa Meshak ƙofa da gado. Bakin dai bai mutu ba, har ya tsufa yana zagin farin katako. Amma kowace shekara, ranar godiyar kaka a majami'a, in an ba shi addu'a, sai ya ƙara da abin da ke sa baƙi ɗaga kai:

"Ya Ubangiji, ka tuna da wanda ya sare itacen nan a ƙasar sanyi. Bai san uwata ba, amma ya kama mana ɗaukarta."