Fararen Tsuntsaye da Irin Geron Kakata

Jiya da hantsi jikata tana sheƙe gero a tsakar gida, sai ƙarar zubar ƙwayar cikin ƙwarya ta mayar da ni ƙauyenmu, arewa da Ɗanzomo, a shekarar da ta biyo bayan babbar yunwa. Ban wuce shekara goma ba.

Abin da ya rage mana na gero tulu ɗaya ne na iri. Kakata ta wajen uba ta gauraya shi da toka, ta liƙe bakinsa da laka, ta tura ƙarƙashin gadonta. Ko ranakun da muke wuni da busasshen ganyen tafasa ba ta yarda an taɓa shi ba. In ya tafi, ba mu da abin shukawa.

Bazara ta yi tsanani, shamuwa ba ta iso ba. Mu kuwa da ita muke gane damina: in ta fara sheƙa a kan kuka, sai a gyara sungumi. Wata safiya na tarar da wasu tsuntsaye a busasshen tafkin bayan gari, farare, masu dogon fiffike da wutsiya mai reshe biyu kamar ta tsattsewa. Daga baya na ga dubbansu a bakin teku, a Ikko da Sawakin, inda kowane yaro ya san sunansu da harshensa. A garinmu ko tsofaffi ba su san su ba. Da aka ga sawunsu irin na agwagwa ne, sai aka ce tsuntsun ruwa ba zai zo banza ba. Rabin gari suka fita binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka.

Mahaifina ya durƙusa a ƙofar ɗakin kakata ya roƙi tulun. Ta ce a ba ta kwana uku, sannan ta kira ni, da yake jika mijin wasa ne.

"Maigida, tunda ba ka kawo cefane, ga aiki. Je ka duba min baƙin nan. In ka ga ɗaya ya ɗauki ko tsinke a baki zai yi sheƙa, zo ka faɗa min."

Na so ganin tsinken nan, don na san abin da mahaifina yake jira in faɗa. Ban gani ba. Sukan tashi su kewaya tafkin suna duban ƙasa, su dawo su sauka baki buɗe. Rana ta uku na tsinci ɗaya matacce, ba nauyi kamar ƙaiƙayi. Wani Bafulatani mai kiwo ya jujjuya shi, ya ce ya san irinsa a babban tafkin Barno, iska ce ta ɓatar da su.

A gaban mahaifina na faɗa wa kakata abin da na gani, kaina a sunkuye.

"To, ka ji," in ji kakata. "Ba albishir suka kawo ba, su ma ruwan suke nema."

Da aka yi yayyafi gonakin maƙwabta suka yi kore, mahaifina ya daina yi min magana. Sai rana ta buɗe mako biyu cur, tsiron ya ƙone. Bayan shamuwa ta yi sheƙa, ruwan gaske ya sauka, kakata ta fasa tulun. Ta ware abin da zai ishi rabin gonarmu, sauran ta ce a raba wa waɗanda suka yi asara, kowa cikin tafin hannu. Mahaifina ne ya bi gida-gida yana kaiwa, ni ya ɗora wa ƙwaryar.

Yau wanda shukarsa ta ƙone sai ya hau mota zuwa kasuwar Maigatari ya sayo wani irin. Sauƙi ne, ban raina shi ba. Amma geron da ake tuƙawa a gidaje da yawa na ƙauyenmu, in ka bi asalinsa, daga tulun nan ya fito, kuma a zuwana na bara ban sami ko mutum ɗaya da ya san haka ba.