Karan Awo

Na dawo Ruwan Godiya daga yaƙi a shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa ƙauye, kowa na rataye da rediyo, samari na fitinar mutane da sababbin babura. Ni abin da na koyo a soja haƙa rami ne, don a can ni ake sa wa binne gawarwaki. Ko da aka gane hannuna ba ya rawa, duk wanda ya rasu sai a aiko mini in haƙa kabari. Abokan wasana har cewa suke yi gafiya ma ta sallama mini.

A garinmu, in an yi rasuwa, akan yanko karan dawa a gwada tsawon mamacin, a kai wa masu haƙa kabari. Nakan karɓa don kada a ce na raina al'ada, in jingine shi gefe. Idona ya riga ya gama aikin.

Ɗana na fari ƙyanda ce ta ɗauke shi, yana ɗan tatata. Uba kan zauna a tabarma ya karɓi gaisuwa, amma ni zaman ya gundure ni, na saɓi diga na tafi maƙabarta. Kafin ƙanin mahaifina ya iso da karan, na gama. Ya zura shi cikin ramin, ya zauna daidai, ba ragi ba ƙari. Ya dube ni.

Jama'a suka yi ta yabon dauriyata, wai kunyar ɗan fari ce ta hana ni hawaye. Na laluba cikina ban sami kunya ba, ban sami baƙin ciki ba. Yunwa kawai nake ji.

Matata ce kaɗai take jira ta ga ko da sauran mutum a jikina. Labarin karan ya kai mata. Bayan sadakar uku, da hantsi, ta same ni ina ba awaki dusa.

"Malam, yaushe ka auna shi?"

Na faɗa mata gaskiya: tun ranar suna, kuma kullum ya ƙara tsawo ina sake lissafi, ba da niyya ba.

"Ni ma ka auna ni?"

Na ci gaba da zuba dusar. Kafin kaka ta koma gidan iyayenta a Mairuwa, ban je biko ba. Ranar tafiyarta, da na raka ta bakin mota na lura ta rame, ramin ba zai buƙaci faɗin da na sa mata da farko ba.