Runtse Ido Wajen Harbi

Da adaka na koyi harbi a ƙauyenmu, bindigar da ke fesa wa mai ita hayaƙi a fuska. Tun daga nan, da na taɓa kunamar bindiga sai in runtse ido. Na ga maharba a ƙasashe da dama, ban ga mai wannan hali ba sai mu da muka koya da adaka.

A Jidda, ana gab da gasar harbi ta dattawa, mai horar da mu, ɗan unguwar Madain Fahd, ya ce zai cire ni daga gasar saboda wannan hali.

"Baba, bindigar iska ce, ba ta tofi. Halas, ya isa haka, buɗe idonka."

Ya sa ni harbi ba harsashi har idona ya saba. Na shiga gasar, ban ci kofi ba, amma na wuce wani tsohon soja. Har yau da ƙyar sojan yake amsa sallamata.