Kaltum da 'Yan Teburinta

Kaltum Malami a kantin magani take aiki a Wheaton, amma 'yan uwa da teburin falonta suka fi saninta. Duk Asabar bayan la'asar, yayanta Auwalu injiniya da matarsa Sadiyya da maƙwabciyarta Olive sukan kewaye shi su yi wasan labari. Kaltum ce mai ba da labarin, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya ya zama shi, in abu ya zo na sa'a a jefa ƙwaya irin ta ludo, mai fuska ashirin.

Shekara da shekaru wasa ɗaya suke yi, na wani babban kamfani: a shiga kogo, a sare dodo, a fito. Abin ya ishe ta. Ita ke wahalar ƙirƙiro dodannin nan, ba wanda ya taɓa tambayar ko ɗaya sunansa.

Sai ta samo littafin wani ƙaramin wasa da wata mata ta rubuta ita kaɗai, a kan garin da rijiyarsa ta ƙafe. Ba takobi, ba ƙwaya. Auwalu ya juya littafin gaba da baya.

"To wa zan sara?"

"Ba sara, Yaya. Shawara za ku yi."

"Shawara? Ni da na wuni a mitin?"

Sadiyya ta ce bari ta ɗauko abu a mota. Sai da aka tashi ta dawo.

Kaltum ta yi fushi, ta ce ta bar wasa. Fushin bai kai Asabar ba. Ta zauna ta yi wa sabon wasan tsohuwar riga: ta mayar musu da jarumansu, ta mayar da ƙwaya, ta sa kogo a gindin rijiyar, har da dodo. Abu guda ta riƙe daga sabon, kowa shi ke faɗin asararsa: in jifa ya yi muni mai jifan ne zai faɗi abin da ya rasa.

Dodon na buɗe baki zai yi bayani, Auwalu ya kai sara. Jifan bai yi kyau ba.

"Ka same shi," in ji Kaltum, "amma me ka rasa?"

Auwalu ya ce, "Takobin ya karye. Na babana ne."

Olive ta ce to yanzu dai a saurari dodon. Suka yi ta gardama kan rijiyar har shayi ya huce.

Tun daga nan ƙananan wasannin suke yi, sai dai kowanne sai Kaltum ta ɓata maraicen Juma'arta tana yi masa kwaskwarima. Kwanan baya Auwalu ya kira ta tana bakin aiki, ga layi a gabanta.

"Kaltum, kin san akwai wasannin da mutum ɗaya ke rubutawa? Ya kamata ki riƙa faɗaɗa bincike."

Ta ce, "Yaya, ina da mutane," ta kife wayar.