Inna Kulu da Ƙwayar Barci

A gidanmu na Gwandu, idan aka yi sallar Magariba aka ci tuwo, babu mai ce mana mu taru. Ƙafafunmu ne ke kai mu madafa, inda Inna Kulu, mahaifiyar babanmu, ke zaune a kan 'yar kujerarta tana tura kara cikin murhu. An riga an sauke tukunya, amma ita ta ce ba ta iya magana a gaban toka mai sanyi. Da kaka mukan jera masara a bakin garwashi, ita kuma faifan da take saƙa yana kan cinyarta, ga rinanniyar kaba ja da kore a gefe. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Takwara take kira na, kuma wurina daban ne, daf da gwiwarta ta hagu.

Tatsuniyoyin da kowa ya sani take yi, sai dai ba ta taɓa barin su yadda ta same su ba. Kura takan yi magana da muryar mahaucin unguwarmu, har da tarinsa. Dila kan yi tafiya irin ta mai awon gero. Yaran maƙwabta kan cika ƙofar madafar, iyayensu mata kuma su zo wai kiran su, su ɓige da tsayuwa har a gama.

Ina shekara takwas cutar shanu ta shigo ƙasarmu. Kakanmu ya tsaya yana kallon garkensa yana faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma bai kai damina ta gaba ba shi ma ya rasu. Inna ta yi takaba ta fita, amma barci ya ƙaurace mata. Ta rame, idanunta suka faɗa. Baba ya kasa jure ganin ta haka, ya je wurin wani mai kemis a kasuwa, ya dawo da 'yan ƙwayoyi ƙanana masu ruwan ɗorawa a ƙullin takarda. Baliyam ake ce musu. Ranar farko ta yi barci har hantsi, gida duka aka yi ta hamdala. Babu wanda ya yi nufin sharri. Kowa gani yake an samo sauƙi.

Daga ɗaya aka koma biyu, daga baya har da rana takan haɗiyi guda idan ta ce ƙirjinta na bugawa. Haka aka ɗauki shekara huɗu.

Ba ta daina zama a madafa ba, sai dai zaman ya zama na baƙuwa. Idan muka matsa mata takan fara, ta kai kura bakin rijiya, sai labarin ya yanke, ta tsaya tana kallon wuta.

"Ina muka tsaya, Takwara?"

In gaya mata. Ta ce to, ta ƙara jimla biyu, kanta ya sunkuya. A hankali yaran maƙwabta suka daina zuwa. Faifan da ta fara ya tsaya a rabi, aka soke shi a jikin rufin ɗaki har kabar ta koɗe. Takan ƙara gishiri sau biyu a miya ta ce ba ta jin komai. Ba ta dariya, ba ta kuma kuka. Ƙannena da aka haifa a tsakanin nan sun taso suna zaton haka Allah Ya yi ta, tsohuwa mai gyangyaɗi.

Wata ranar Laraba da yamma ta yi gyangyaɗi a bakin murhu, bakin zaninta ya kama da wuta. Kafin mahaifiyata ta sheƙa mata ruwan tulu, ƙaurinta ya riga ya saluɓe. Washegari sai ga Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba da ke aure a Kalgo. Ta duba ƙunar, ta duba gwangwanin da ake ajiye ƙwayoyin, sannan ta durƙusa a gaban uwarta.

"Inna, ki yi mini gafara, amma abin nan ya cinye ki. Jiya wuta ce a ƙafa, gobe ba mu san inda za ta kama ba. 'Ya'yana ba su san muryarki ba."

Inna ta gyara zama. Mace ce mai zuciya, ko ƙwayar ba ta kashe mata wannan ba. Ta ce, "Ni za a ce ma wani abu ya fi ƙarfina? Ɗan abin ga da bai kai ƙwayar wake ba?" Ta miƙe tana ɗingishi, ta ɗauki gwangwanin, ta juye shi kaf a cikin salga.

Mun ɗauka an gama. Kwana biyu sai hannunta ya fara rawa, ko moɗa ba ta iya riƙewa. Zufa ta yi ta karyo mata, ƙarar taɓarya kuwa ta ce kamar a kanta ake daka. A rana ta uku ta faɗi a tsakar gida tana fizge-fizge kamar mai farfaɗiya, har ta ciji harshenta. Wasu suka ce iskoki ne. Gwaggo ba ta tsaya gardama ba, ta sa Baba ya samo mota aka nufi asibiti a Birnin Kebbi.

Likitan da ya duba ta ya ce Allah ne Ya kiyaye. Ya ce jikin da ya shekara huɗu yana karɓar wannan magani ba a yanke masa shi rana ɗaya, yin haka kan iya kai mutum kushewa. Ya mayar da ita kan maganin, ya rubuta yadda za a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, kuma a dawo da ita duk wata ya gani. Gwaggo ta ce Kalgo ta fi kusa da asibitin, don haka can Inna za ta zauna. Inna ta ce ba ta zuwa ko'ina ba Takwararta. Haka aka mayar da ni makarantar can.

Wata tara aka yi ana wannan aiki, kuma Inna ce ta yi shi da hannunta. Takan ɗora ƙwayar a bayan tasa, ta sa reza ta raba yadda aka nuna mata, ta haɗiyi rabonta, ta mayar da sauran. Duk ragin da aka yi sai ta ji a jikinta. Barci kan yi ƙaranci, ta wayi gari da faɗa, ta ce kukan zakara ma da gangan ake yi mata. Kukan rashin mijinta da ba ta yi ba shekara huɗu, a Kalgo ta yi shi, wani lokaci tana tsakiyar alwala. A wata na biyar ne abin ya fi tsanani. Ina zaune ina tsince shinkafa ta ce wa Gwaggo:

"Asabe, ba ni guda cikakkiya. Yau kaɗai. Na gaji, ɗiyata."

Gwaggo ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin, ta damƙa mata a hannu. "Ga shi, Inna. Ke kika haife ni, ba ni da ikon hana ki. Ni dai na san wadda ta goya ni ba ta taɓa fara abu ta ajiye ba."

Inna ta riƙe gwangwanin har aka kira La'asar. Na ga ta buɗe murfin, na ga ta rufe. Daga bisani ta miƙa wa Gwaggo ta ce, "Amshi abinki. Kawo mini reza."

Sauƙin da ya zo bai zo da sallama ba. Wata safiya Gwaggo ta dama kunun tsamiya, Inna ta kurɓa, ta tsaya da ludayin a hannu.

"Wa ya sa kanumfari cikin kunun ga?"

"Kullum ina sawa, Inna."

"Kullum?" Ta sake kurɓa, ta lumshe ido. Sai ta fashe da dariya, irin wadda ke girgiza mata kafaɗu, har Gwaggo ta juya baya tana share ido da gefen kallabi. A ranar, ƙwarya guda ta shanye. Bayan haka abubuwa suka yi ta dawowa. Ruwan farko ya sauka, ta fito tsakar gida ta tsaya tana shaƙar ƙamshin ƙasa, aka yi ta roƙon ta ta shigo ta ƙi. Ta ce tana marmarin busasshen kifi da yaji. Ranar kasuwa ta ja ni muka je sayen kaba, ta tsaya tana musu da mai rini wai jansa ba ja ba ne, ya yi kama da jinin sauro. Faifan da ta fara a makon nan ta yi masa zanen da ba a taɓa gani ba a unguwar, layi-layi masu lanƙwasa kamar yadda ruwa ke kwanciya a fadama.

Kwana goma da shan gutsuren ƙarshe, masara ta nuna. Bayan Magariba muna madafar Gwaggo, ni da 'ya'yanta uku, Inna ta tura kara a wuta, ta gyara zama, babu wanda ya roƙe ta.

"Ga ta nan tafe, ku matsa mata ta zauna," in ji ta.

Muka haɗa baki muka ce ta zo mu ji ta.

Ta ce an yi wata mata a wani gari da baƙin ciki ya hana ta sakat. Ta tafi gindin wata kuka tana kuka, sai aljanar da ke ciki ta ba ta ƙwarya da faifai, ta ce duk abin da ya dame ta ta hura a ciki ta rufe. Matar ta hura baƙin cikinta ta rufe, ta ji wasai. Abin da aljanar ba ta faɗa ba shi ne ƙwaryar ba ta zaɓe. Duk hurawa sai ta haɗa da wani abin. Yau ta tafi da ɗanɗanon gishiri, gobe da waƙar daka, jibi da sunayen furanni, har ran da jikanta ya yi tafiyar farko ta kalle shi kamar tana kallon akuyar maƙwabta. Da ta farga, sai ta fusata ta fizge faifan gaba ɗaya. Abin da ke ciki ya taso kamar guguwa ya maka ta da ƙasa, da ƙyar ta rarrafa ta mayar da murfin. Kunkuru na wucewa ya ce mata, "Baiwar Allah, abin da aka tara a shekara ba a kwashe shi a wuni." Ya koya mata ta riƙa ɗaga faifan faɗin farce kowace safiya. Abin da ya fara fitowa baƙin cikin ne, domin shi ya fi nauyi kuma ya fi fushi. Ta zauna da shi, ta ba shi tabarma, suka yi kuka tare har ya gaji ya koma gefe. A bayansa gishiri ya fito, waƙa ta fito, dariya ta fito tana miƙa. Da ƙwaryar ta zama wayam, matar ba ta fasa ta ba, ta wanke ta ta dama fura a ciki ta kira unguwa.

Kunkurun nan da muryar likitan Birnin Kebbi ya yi magana, har da yadda yake gyara tabarau. Gwaggo ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Ƙaramar 'yar Gwaggo ta tambaya, "Inna, baƙin cikin ya tafi?"

"Bai tahi ba. Yana nan gidan, sai dai ba shi ne mai gida ba. Ƙurunƙus. In ƙarya na yi, ku kama ni gobe da rana tsaka."

Na san duk tatsuniyoyinta, na kuma san ban taɓa jin wannan ba. Na tambaye ta inda ta samo ta. Ta ce, "Ci masararki, Takwara, ta huce."

Ta koma Gwandu bayan sallar layya, ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Barcinta bai taɓa komawa kamar na da ba, wani lokaci sai ta yi rabin dare tana jan carbi, amma ta ce gara haka. Madafa ta sake cika da yara. Masu aurar da 'ya'ya daga Malisa da Diggi kan aiko a yi musu faifanta. Idan ta ji wata mata ta fara dogara da ƙwayar nan, takan je har gida ta nuna mata tabon ƙaurinta, ta ce kada ta kuskura ta zubar rana ɗaya, ta nemi likita.

Da ina yarinya na ɗauka jarumtar Inna ita ce ranar da ta juye gwangwani a salga, don ita ce ta yi kama da ta mazajen labari. Sai da na girma, na binne nawa mamatan, na san dare mai tsawo, sannan na gane wannan fushi ne kawai. Jarumtar tana cikin wata tara na tsohuwa mai rawar hannu da ta yarda ta ji zafin da ta gudu daga gare shi, don ta sake jin daɗin kunu. Ban san wani a danginmu da ya yi yaƙin da ya kai wannan ba.

Bara na je suna a Kalgo. Da yamma na ji wata budurwa a bayan ɗaki ta tara yara tana ba su labarin matar nan da ƙwaryarta. Kunkurun ya koma bushiya, kukar ta koma tsamiya, amma ita ce. Da ta gama na tambaye ta wa ya koya mata.

Ta ce, "Ai Hajiya, tatsuniyar mutanen da ce. Tun kaka da kakanni ake yin ta."

Na buɗe baki zan gaya mata, sai na fasa. Na ce mata ta iya, Allah Ya yi mata albarka. Na koma cikin mata na zauna, aka yi ta tambayata abin da ya sa nake murmushi.