Ramin da Bukar Ya Ce Kar a Toshe

A bakin mai kifi na ji. Da safen nan ina tsugune ina zaɓen tarwaɗa, sai ya ce min, "Baba Ado, ya ƙarin haƙuri? Ashe Malam Bukar mai rediyo lokaci ya yi."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jiya bayan azahar ya cika, kafin magariba an kai shi. Duk faɗin Haɗejiya ba a samu mutum ɗaya da zai tako ya faɗa min ba. Kowa da waya a aljihu!

Ni ban yi boko ba. 'Yata Hadiza ce ke buga wannan, kuma na ce kar ta tausasa min ko kalma ɗaya.

Ku yaran yanzu ba ku san shi ba, to ku saurara. Ni kafinta ne, shi mai gyaran rediyo, rumfarsa na manne da tawa a kasuwa tun shekarun da Turawa suka tafi. Shi Babarbare, ni Bafillatani, kullum cikin tsiya muke. Wata rana ya shigo min da lasifika biyu da ya ciro daga matattun rediyo, babba da ƙarama, ya ce in yi musu ɗaki.

Na yi akwati mai kyau, har da ado. Ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya ɓata fuska.

"Kai bawana, ganga na ce ka yi min? Akwati shiru zai yi, lasifika ce mai magana."

Sau huɗu ina sakewa. A ƙarshe katakon maɗaci mai kauri muka sa, da sanda a ciki ta tokare bango da bango. Muka toshe kowace kafa da kakin zuma, muka shimfiɗa auduga a ciki don kar sauti ya riƙa yawo yana dawowa. Babbar lasifika ta ɗauki murya mai kauri, ƙaramar ta ɗauki siririya. Injin ƙara sautin ma a cikin akwatin ya dasa shi, ya ce kowace lasifika da abincin da ya dace da cikinta. Batirin mota kawai za ka jona.

Sai ramin. A gaba, ƙasa-ƙasa, ya sa na huda rami, ya zura guntun gora. Kwana uku yana busa bakin ramin kamar mai busa kwalba, ya ce in rage gorar, ya sake busawa, in sake ragewa. Na ce, "Bukar, aljanu kake kira?" Ya ce, "Yi shiru, kunnenka kukan saniya kaɗai ya sani. Ta nan akwatin ke numfashi."

Da wannan akwatin yake sauraren duk abin da ya ɗauka a tef. Na tuna wani makaɗin gurmi daga Guri, wanda masunta ke ji da shi. Aka ɗauki kiɗansa, aka sa masa. Ya miƙe a fusace, wai akwatin ya ɓata masa kiɗa, akwai wani zizza a ciki. Bukar ko gezau. Ya ce, "Duba gurminka." Aka juya ƙoƙon gurmin, sai ga tsaga siririya kamar gashi. Mutumin ya shekara yana kaɗawa bai sani ba.

Da kuɗin mai suka zo, gari ya cika da manyan rikodoji masu ƙyalli, masu bugun ƙirji. Mutane suka guje shi, wai nasa ba daɗi. Na ce masa mu ma mu faɗaɗa ramin ya riƙa gurnani, a saya. Ranar ce kaɗai ya yi fushi da ni na gaske.

"Ado, akwatina ba maroƙi ba ne. Ba ya yabon kowa."

Ya zauna da talaucinsa. Garin nan ya ci amfaninsa a masallaci da wajen biki da taron manoma, sannan ya manta da shi tun yana da rai. Wannan ma ina riƙe da shi.

Abin da ya yi min ba zan iya biya ba. Shekarar da Innata ta fara ciwo, ya ɗauko rikodarsa ya zo gidanmu, ya zauna a bakin ƙofa ya ɗauke ta tana waƙar niƙa. Bai gaya min ba sai bayan ta rasu. Duk Sallah nakan je ya sa min. Na taɓa gwada tef ɗin a wata rikoda, sai na ji wata mata ce daban. A akwatin Bukar kaɗai Inna ke fitowa da muryarta, har da ɗan kaushin da hayaƙin murhu ya bar mata a maƙogwaro.

Ganinmu na ƙarshe, gab da faɗuwar damina ne. Kunnensa ya riga ya tafi. Ya kunna, ya ɗora tafin hannu a bakin ramin yana jin iskar na bugunsa, yana murmushi. Ya ce, "Bawana, in na riga ka, kar ka bari su toshe ramin nan." Na ce, "Kai za ka binne ni, ubangidan ƙarya." Muka yi dariya.

Yau da na isa gidan gaisuwa, me zan gani?

Akwatin a waje, jikin bangon zaure, tare da matacciyar fanka da tsoffin wayoyi, ana jiran 'yan gwangwan. Mutum bai kwana biyu a kabari ba! Ramin kuma an cike shi da laka, ta bushe ƙam.

Na kira Lawan, babban ɗansa, a gaban mutane.

"Wa ya yi wannan?"

"Baba Ado, ni ne. Tun da ruwa ya shigo unguwa ɓeraye suka dame mu, duk wani rami mun toshe. Wannan har sheƙa suka yi a ciki, auduga ce cunkus."

"Sheƙar ubanka! Ni na shimfiɗa audugar nan da hannuna kafin a haife ka!"

Aka yi ta "haƙuri Baba, gidan makoki ne." Na san gidan makoki ne. Wa ya fi ni rashi a wurin?

Ba zan ɗauki akwatin ba, kayan magada ne, ina tsoron Allah. Amma na zauna a ƙasa, na zaro ƙusa daga aljihu na yi ta ƙwaƙule lakar har gorar ta fito fes. Na sa baki na busa.

Ta amsa. Muryar nan mai kauri, yadda muka bar ta.

Sai Lawan ya ce, "Haka Baba yake yi kowace safiya. Mun ɗauka tsufa ne."

Shi ya kama gefe ɗaya, wani ya kama ɗayan, aka mayar da akwatin ɗakin Bukar. Na ce masa ran sadakar uku zan zo da batir, zai ji muryar uwata, sannan ya gaya min ko gwangwan ne.

Ban huce ba, kar wanda ya ce na huce. An hana ni sallar gawarsa. Amma ramin a buɗe yake, Bukar.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya yalwata makwancinka, Ya sa ka ji kira mai daɗi ranar tsayuwa. Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya tsaya ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Ni ma ku sa ni a ciki, Allah Ya sanyaya min zuciya.