Kowa Baƙo Ne a Tungar Tanko

Ku da kuka san Baba Tanko, yayan mahaifina, kun san bai taɓa kiran mutum da sunansa ba. Kowa "baƙo" ne. An yanke maka cibiya a Tungar Tanko, ka yi furfura a cikinta, in ka durƙusa gaishe shi sai ya ce, "Baƙo, an tashi lafiya?" Har mai unguwa bai tsira ba. Hujjarsa guda ce: shi ya fara sa gatari a dajin nan na bayan Barkiya, sauranmu duk tarar da shi muka yi.

In ka tambaye shi yadda aka kafa garin, ko a mafarki aka nuna masa wurin, ba ya ƙawata maka zance. "Wane mafarki? Gona ce ta yi mana kaɗan a Karofi, na taso da matata Hajo da gatari. Jakina ya zo gindin tsamiya ya kwanta. Na doka, na roƙa, ya ƙi tashi. Na ce to, ka fi ni sani." Shi ya sa in jaki ya ci maka dawa a garin nan, kada ma ka kai ƙara wurinsa. Cewa zai yi, "Jinin sarauta ne, ƙyale shi."

Shekarar da aka ce mun koma ƙarƙashin ƙaramar hukumar Kurfi, kai, mun ga tashin hankali! Ya tare ma'aikacin da aka aiko. "Jiya ina Dutsin-Ma, yau ina Kurfi? Wa ya ɗauke ni? Ko rumbuna bai motsa ba!"

"Baba, a taswira ne."

"Yaro, lokacin da kura ke leƙa mini bukka, ina taswirar take? Ta sari itace ko ɗaya?"

Har ya bar duniya, in an kira shi mutumin Kurfi sai ya waiga ya ga da wa ake.

Abin dariyar ke nan. Sauran kun sani, tunda tare muka gudo. Ɓarayin daji suka fara da shanu, suka koma kan mutane. Gida-gida aka watse. Ni ma na kwashi iyali zuwa Dutsin-Ma, ga ni nan ina dako a kasuwa da wannan bayan nawa. Ranar da muke loda kaya yana zaune gindin tsamiya yana wasa gatari.

Na ce, "Baba, taso mu tafi."

Ya ce, "Baƙo raɓa. Ku gaida hanya."

"Kashe ka za su yi fa!"

"Su ɗauki me, haƙori ko akuya? Ba su nake tsoro ba, dajin nan nake tsoro. Ni na kore shi. Yana nan bakin gona yana jiran in juya baya."

Muka ce tsufa ne. Ashe shi ke da hankali. Duk sanda hanya ta yi sauƙi na hau babur na kai masa tsaba, sai in tarar sabara da geza sun tsiro tsakar gidajenmu, tsoho yana bi gida-gida yana sarewa. Shi ke share masallaci, ya kira salla, ya yi abarsa shi kaɗai, ya idar ya hau faɗa wai baƙin zamani ba sa zuwa jam'i.

Zuwana na ƙarshe na same shi kwance a zaure, ya ƙare sai idanu. Ya daɗe yana kallona. Can ya ce, "Ɗan gari, ka zo?"

Wallahi sai da na waiga in ga da wa yake.

Ya turo mini gatarin da ƙafa. "Akwai sabara a ɗakin uwarka. Ta fi ƙarfina."

A daren ya cika, na aika wa 'yan uwa. Mun binne shi daidai inda jakin ya kwanta, a gurguje, idon kowa na kan hanya. Gatarin yana ƙarƙashin gadona a ɗakin haya. Ban koma ba tukuna, sabara kuwa ba ta jiran kowa.

Allah Ya jiƙan Baba Tanko, Ya sauke shi inda ba a tashin baƙo. Mu kuma Ya mai da mu gida kafin daji ya shafe hanya.